Mazubin shafukan majigi

Idan wata ƙungiya ta ba ku aikin tsara mata shafukan da ake haskawa da majigi a wurin taro, ku yi mata mazubi. Mazubi tsari ne da ake yi sau ɗaya, a riƙa zuba sabon bayani a cikinsa, kamar yadda magini yake buga bulo dubu da mazubi guda.

A cikin PowerPoint akwai uwar shafuka, wadda ake kira « masque des diapositives » da Faransanci. A nan za ku sa tambarin ƙungiyar da launinta da gurbin kan magana. Abin da kuka gyara a jikin uwa, ya gyaru a sauran shafuka.

Ku kula da abu uku:

1. Ku zaɓi salon rubutu mai ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. In babu su, sai a rubuta « kasa » a maimakon « ƙasa », ma'ana ta ɓaci.
2. Ku tambayi fasalin allonsu. Tsofaffin majigai 4:3 ne, yawancin sababbi 16:9.
3. Ku adana aikin da sunan da ya ƙare da .potx. Ta haka kowa zai buɗe sabon kwafi, asali kuwa ba zai lalace ba.

Kafin ku miƙa aikin, ku haska shi, ku koma ƙarshen ɗaki ku karanta.