Hawainiya a hannun ɗan Adam: Abincinta da cututtukan cikin da ke kashe ta

Da zarar damina ta kankama a kudancin Jihar Katsina, manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kan ci karo da hawainiya a jikin shinge, ko a kan karan dawa, tana tafiyar nan tata ta kamar mai nazarin kowane taku. Yara kan ɗauke ta a kan sanda su kai gida, wani lokaci kuma ta faɗa hannun wani ɗan birni mai sha'awar kiwon halittu, ya sa ta a keji. Ƙarshen labarin kusan ɗaya ne: ta daina cin abinci, ta rame, idanunta su faɗa, ta mutu. Mafi yawan irin wannan mutuwa daga ciki take farawa, wato daga abin da aka ba ta da kuma abin da aka hana ta.

Wace ce hawainiya?

Akwai nau'in hawainiya sama da 200 a duniya, kusan rabinsu a tsibirin Madagaska. Daga cikin waɗanda ake samu a arewacin Najeriya akwai wadda masana ke kira hawainiyar Afirka da kuma hawainiyar Senegal. Duk da tsoron da ake yi mata, ba ta da dafi. Sauya launinta ma ba don sajewa da wuri kaɗai ba ne: zafi da sanyi da haske da fushi da rashin lafiya duk suna bayyana a fatarta. Hawainiyar da ta daɗe da duhun launi a cikin keji tana nuna alamar takura ko ciwo.

Abincinta na asali

Ƙwari masu rai su ne cimarta: fara da gyare da ƙudaje da shinge da tsutsotsin ganye. Tana harbo su da harshe mai danƙo wanda tsawonsa kan kai na jikinta ko ya zarce, kuma abin da ke motsi ne ke jan hankalinta. Saboda haka tuwo ko shinkafa ko nama ba abincinta ba ne. Haka nan soyayyar farar da ake sayarwa a kasuwa, domin gishiri da mai da yajin da ke cikinta illa ne ga hanjinta da ƙodarta.

Ƙa'idar masu kiwo ita ce kada ƙwaro ya fi faɗin kanta girma. Ƙarama tana ci kullum, babba kuwa ana iya tsallake mata kwana ɗaya.

Akwai haɗari biyu da suka shafi yankin noma kamar wannan. Na farko shi ne maganin feshi: farar da aka kamo daga gonar auduga ko wake ko masara da aka yi wa feshi tana iya ɗauke da gubar da za ta kashe ƙaramar halitta. Na biyu shi ne farar tumfafiya, wadda ke tara gubar tsiron a jikinta.

Ƙishirwa a gaban ruwa

Galibi hawainiya ba ta shan ruwa a kwano. A daji raɓa da ɗigon ruwan sama take lasa a jikin ganye. Mai kiwon da ya ajiye mata ruwa a murfin kwalba yana ganin ya sauke nauyi, alhali ƙishirwa na cinta. Hanyar ita ce a yayyafa ruwa mai tsabta a kan ganyen da take zaune safe da yamma, musamman da hunturu da bazara.

Kashinta ne ke faɗin gaskiya. Yana da ɓangare biyu: mai duhu, da kuma fari wanda shi ne a madadin fitsari. Idan farin ya koma ruwan ɗorawa mai ƙarfi ko ruwan goro, kuma idanu suka lotsa, ruwan jikinta ya yi ƙasa. Idan hakan ya daɗe, ƙoda ce ke lalacewa.

Toshewar hanji

Wannan na faruwa ne idan ta haɗiye yashi ko tsakuwa tare da ƙwaro, ko aka ba ta ƙwaro babba mai taurin ɓawo, ko ruwa ya yi mata ƙaranci. Alamominsa su ne daɗewa ba ta yi kashi ba, da kumburin ciki, da ƙin abinci. Don haka ba a shimfiɗa yashi a ƙasan kejinta.

Sanyi ma na da hannu. Jikin hawainiya ba ya samar wa kansa ɗumi, da zafin rana take narkar da abinci. A daren Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya tsananta, wadda aka ajiye a ɗaki mai sanyi abinci kan zauna mata a ciki, wani lokaci ta amayo shi. A ɗaya gefen kuma, ranar Maris da Afrilu na iya kashe ta cikin ɗan lokaci idan ba ta da inuwar fakewa.

Tsutsar ciki da gudawa

Hawainiyar da aka kamo daga daji sau da yawa tana ɗauke da tsutsotsi da wasu ƙananan halittu a hanjinta. Tana iya rayuwa da su a can, amma wahalar kamu da ƙuncin keji kan raunana garkuwar jikinta, su yi mata yawa. Sai a ga gudawa mai wari, ko majina a kashi, ko rama duk da tana ci. Gwajin kashi a wurin likitan dabbobi ne ke tantance cutar, kamar a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ɗura mata maganin tsutsar awaki ko na kaji da ka haɗari ne, domin ga halitta mai wannan ƙanƙanta ɗan ƙari kaɗan guba ne.

Laushin ƙashi

Ƙwari ba su da wadataccen sinadarin kalsiyam, kuma jikinta ba ya amfana da shi sai da bitamin D3, wanda fata ke samarwa a hasken rana. Gilashin taga yana tare ɓangaren hasken da ke wannan aiki. Hawainiyar da ba ta shan hantsi ƙafafunta kan lanƙwashe, muƙamuƙinta ya yi laushi, harshenta ya kasa kai wa ga ƙwaro, daga nan yunwa ta ƙarasa ta. Masu kiwo kan ciyar da ƙwarin da ganye da karas kafin su ba ta, su kuma barbaɗa musu garin kalsiyam.

Lafiyar mutane da doka

Kamar sauran dangin ƙadangare, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinta, mai jawo wa mutum gudawa da zazzaɓi. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa ta wajibi ne, musamman ga yara. Fataucinta zuwa ƙetare kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Najeriya ke cikinta, don haka sai da izinin hukuma.

Bahaushe ya ce "hawainiyarka ta kiyayi ramata", amma a gona hawainiya ba ɓarna take yi wa rama ba, ƙwarin da ke cin ganyen take farauta. Wanda ba zai iya samar mata da ƙwari masu rai da raɓa da hantsi a kowace rana ba, abin da ya fi shi ne ya mayar da ita kan reshen da aka ɗauko ta.