Sunayen Mai Sanda a Bakin Gadar Malanville

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan rubutu. Muna zaune a rumfar wani mai shayi a Malanville, shi yana kallon fim ɗin Amurka a waya, sai ya ɗago ya ce, "Kawu, wai me ya sa Turawa ke ce wa ɗan sanda cop?" Na ba shi abin da na sani. Amma kafin shayina ya huce na lura da wani abu. Akwai jami'i ɗaya tsaye a bakin titi yana tsayar da babura, kuma a cikin rumfar nan kaɗai an kira shi da suna huɗu. Direban da ya zo daga Kamba ya ce ɗan sanda, mai albasa daga Gaya ya ce jandarma, mai shayi ya ce polis, wani dattijo kuma, da ya ga an tare jikansa, ya ce, "Ɗan dokan nan bai gaji ba?"

Bari in fara sallamar yaron. Kalmar cop asalinta aikatau ce a Turancin Ingila, ma'anarta cafkewa. Mai cafkewa shi ne copper, aka gutsure ta koma cop. Labarin da ake yaɗawa cewa daga maɓallan jan ƙarfe na rigarsu sunan ya fito, ko kuma wai haruffan farko ne na wasu kalmomi uku, masana harshe ba su karɓe shi ba. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne kalmar ba ta tsaya a kan ɗan sanda ba. A bakin 'yan titi tana nufin sata, tana nufin saye, tana nufin samun rabo na duka ko hukunci. Kamu da sata da ciniki duk a kalma ɗaya. Duk wanda ya taɓa bin mota daga Kwatano zuwa Malanville, tafiyar kilomita fiye da 700, ya san ba a Ingila kaɗai waɗannan ukun ke maƙwabtaka ba. Suna da wasu sunayen, bobby da peeler, duka daga Robert Peel, ministan da ya kafa rundunar 'yan sandan Landan a 1829.

Namu sunayen sun fi nasu nauyi, domin kowanne yana ɗauke da zamaninsa. Na farko dogari. Shi na sarki ne, da jan rawani da riga ja da kore, shi ke kamu, shi ke tsaron fada, shi ke bulala in alƙali ya yanke. Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba su rushe shi ba, suka bar shi a ƙarƙashin En'e. A shekarun 1920 aka fara zaɓo wasu ana sa musu kaki ana koya musu fareti, su ne suka zama 'yan doka. Muƙamin shugabansu ba ƙarami ba ne, sau da yawa ɗan sarki ake ba wa. Alhaji Ado Bayero ya riƙe Wakilin Doka a Kano kafin ya tafi jakadanci Senegal, kafin kuma ya hau gadon sarauta a 1963. Ɗan sanda kuwa na gwamnati ne, na rundunar da aka haɗe ta Kudu da ta Arewa a 1930. Saboda haka a da, in Bakano ya ce ɗan doka ko ya ce ɗan sanda, hukuma biyu yake nufi, kuma ya san wadda ya fi tsoro. Tsofaffin 'yan NEPU da suka sha kamu da ɗauri a shekarun 1950 ba su manta wace ce ba.

Bayan juyin mulkin 1966 soja suka narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya, zuwa 1970 an gama. Nan ne nake tsayawa in yi tunani. Muna da suna mai nuni da sarki, muna da mai nuni da doka, muna da mai nuni da itacen da ke hannu. Dogari ya koma ado a ranar hawan salla, ɗan doka ya rage a bakin tsofaffi irin dattijon rumfar nan, sanda ce ta rayu. Ba mu kaɗai ba ne, Yarabawa ma olopa suke cewa, wato mai sanda. Talaka bai sa wa mutumin suna da abin da aka rubuta a takardar ɗaukarsa aiki ba, ya sa masa da abin da ya fara sauka a gadon bayansa.

A wannan gefen da Faransa ta mulka labarin ya bi wata hanya. Malanville kanta sunan Bature take ɗauke da shi, Henri Malan, ɗaya daga gwamnonin Dahomey. Kafin nan Tassi ake ce wa wurin, wato yashi a harshen Dendi. Faransawa sun raba aikin tsaro biyu: polis a cikin birni, jandarma a ƙauye da kan hanya. Jandarma soja ne, sunan ma daga kalmomin da ke nufin masu makami ya fito. Garin iyaka irin wannan, mai gada a kan kogin Kwara tun 1958, mai kasuwar da ake sa ta a sahun manya na Benin, dole ya san su duka, ga kuma 'yan duwan, waɗanda mutanen Najeriya ke ce wa kwastan. Bahaushen da ke fatauci tsakanin Kamba da Gaya da Malanville yana da baki biyu. Can ya ce ofisa, ya ce caji ofis, ya ce kofur da saje. Nan ya ce shef, ya ce komisariya. Kuskuren suna ba wasa ba ne, domin da ka buɗe baki an san daga inda ka fito, an kuma san yadda za a yi da kai.

A farkon 2018 gwamnatin Patrice Talon ta haɗe polis da jandarma suka zama runduna ɗaya, Police républicaine. A takarda, babu jandarma ko ɗaya a Benin yau. Amma mai albasan Gaya bai daina ba, don a ƙasarsu Nijar har gobe akwai su, kuma tsofaffin Malanville ma ba su daina ba. Yadda ɗan doka ya yi shekara 50 yana yawo a bakin mutane bayan an binne shi, haka jandarma zai yi a nan.

Akwai suna guda da ba na jin daɗin tunawa, kuma shi ne ya fi shafar mu. A bakin teku, an yi zamanin da kalmar Hausa kanta take nufin mai kaki. A 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya tara wasu masu jin Hausa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu, ya ba su bindiga. Aka riƙa ce musu Hausawan Glover, masu jin haushinsu kuma suka laƙaba musu ɓarayi arba'in. A 1879 rundunar ta zama Hausa Constabulary, kuma daga wannan tushe sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa. Faransawa suka kwaikwaya. Lokacin da Kanar Dodds ya yaƙi Sarki Behanzin ya shiga Abomey a 1892, cikin dakarunsa akwai bataliyar da suke kira tirailleurs haoussas. Ba duka Hausawa ba ne, duk Musulmin da ya fito daga can ciki yana ɗan jin harshen ana iya rubuta shi Bahaushe. Amma sunan namu ne aka ɗauka. Wato a ƙasar nan da muke zaune muna shan shayi muna gunaguni a kan mai sanda, an yi lokacin da in uwa ta ce wa ɗanta ga Bahaushe nan, ba mai goro take nufi ba. Masu son tarihin fatake da malamai ba su cika kawo wannan babi ba, ni kuma ina ganin ba a tsince wa tarihi tsakuwa kamar shinkafa.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar. ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe. Manyan motoci suka yi layi, mutane suka koma kwalekwale kamar zamanin kakanni. A bakin ruwa masu kaki suka ƙaru, iri-iri, wasu na wannan gaɓa wasu na waccan, har fasinja ya daina bambancewa. Na ji wata mata mai garin rogo tana tambayar mai jirgi ko akwai su a gaba. Su kawai ta ce, ba ta ƙara komai ba, shi ma bai tambaye ta su wa ba. Ya ɗaga mata yatsu uku, ta kwance bakin zani ta fara ware canji gida uku.

Ɗan ƙanwar nawa da ya ji duk wannan sai ya ce, "To Kawu, ni wanne zan ce masa in ya tare ni?" Dattijon ne ya riga ni. Ya ce, "Yaro, duk waɗannan na bayan ido ne. In kun haɗu, ranka ya daɗe za ka ce." Ya ajiye kofinsa ya miƙe, ya tafi karɓo babur ɗin jikansa.