Ƙarancin Barci da Gajiyar Rana a Wajen Ɗaliban Likitanci

Karatun likita na daga cikin mafi tsawo da mafi nauyi a jami'a. A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, kamar a sauran ƙasashe, ɗalibi yakan haura shekara shida kafin a kira shi likita. A shekarun farko littattafai da jarrabawa ne ke cinye darensa. In ya yi nisa sai a tura shi asibiti, ya riƙa yin gadin dare wajen marasa lafiya, gari ya waye kuma ya koma aji. Abin da yakan rage don ya samu lokaci shi ne barcinsa.

Masana sun ce baligi na bukatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowane dare. Wanda ya daɗe yana samun ƙasa da haka yakan kamu da gyangyaɗin rana, da mantuwa, da saurin fushi, da ciwon kai. Wani lokaci ido na buɗe amma hankali ya ɗauke na ƴan daƙiƙoƙi, mutum bai ma sani ba.

Me barci ke yi wa ƙwaƙwalwa?

Mutane da yawa na ɗauka cewa ƙwaƙwalwa hutawa kawai take yi in an kwanta. A gaskiya a lokacin barci ne take tsara abin da aka koya da rana, ta adana shi, kamar yadda manomi ke kai hatsi rumbu bayan girbi. Don haka ɗalibin da ya kwana yana karatu har asuba ranar jarrabawa yakan manta da yawa daga abin da ya karanta. Mu da muke aikin yaƙi da jahilci muna ganin irin wannan a azuzuwan dare: wanda ya zo a gajiye, bai yi isasshen barci ba, yakan rubuta baƙi yau, gobe ya rasa shi.

Haɗarin da ke ciki

Ga ɗalibin likita abin ya wuce faɗuwa jarrabawa, domin rayukan mutane ne a hannunsa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Ostareliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, aikin hannunsa da hankalinsa kan yi rauni kamar na wanda ya sha giya. Ku duba mai gadin da ya fara aiki da safe, tsakar dare kuma aka kawo masa yaro mai zazzaɓin cizon sauro yana suma, dole ya lissafa yawan magani daidai da nauyin yaron.

A birnin Niyok na Amurka, a 1984, wata yarinya ƴar shekara 18 ta rasu a asibiti a hannun sabbin likitocin da suka daɗe a bakin aiki. Mahaifinta ya ɗaga murya, aka yi shari'a, a 1989 jihar ta kafa dokar da ta hana likitoci masu koyon aiki wuce awa 80 a mako. A 2003 aka shimfiɗa wannan ƙa'ida a duk faɗin Amurka. Shekara guda bayan nan, masu bincike na Jami'ar Habad suka gano cewa sabbin likitocin da ke gadin da ya wuce awa 24 suna yin manyan kurakurai fiye da waɗanda aka rage wa lokaci, da kusan kashi 36 cikin 100. Awa 80 ma, a ganinmu, ta yi yawa, amma dai an amince cewa gajiyar likita matsala ce ta asibiti gaba ɗaya.

Yadda ake auna gyangyaɗi

A 1991 wani likita a Ostareliya ya fito da ma'aunin da ake kira Epworth. Ana tambayar mutum ko barci kan ɗauke shi a yanayi takwas, misali yana zaune yana karatu, ko yana cikin mota, ko bayan abincin rana. Kowane yanayi ana ba shi maki daga 0 zuwa 3, jimla 24. Wanda ya haura 10 yana da gyangyaɗin da ya wuce kima, ya kamata ya ga likita.

Abubuwan da ke ƙara cutar

Ɗalibai kan nemi taimakon shayi mai ƙarfi, da Nescafé, da goro. Dukkansu na ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa ke nan cikin jini awa biyar bayan an sha. Shayin bayan isha'i na iya hana barci har tsakar dare, gobe a sake nemansa don korar gajiya. Wasu sukan kai ga shan tramol, wannan kuwa maganin ciwo ne mai kama jiki, yana iya jawo farfaɗiya, kuma yana lalata barcin kansa. Hasken wayar salula a kan shimfiɗa yana jinkirta zuwan barci. Ga zafin bazara da ɗaukewar lantarki, ga ɗakin kwana mai cunkoso.

Abin da ke taimako bai da tsada. A riƙe lokaci guda na kwanciya da na tashi, a bar shayi da goro tun la'asar, a raba karatu kullum kaɗan-kaɗan. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar na wartsake mutum, amma in ta yi tsawo takan ɓata barcin dare. Wanda ya sauka daga gadi ya guji tuƙa babur ko mota sai ya kwanta.

Iyayen da ke da ɗa ko ɗiya a wannan karatu, in ya zo gida bayan gadi ya kwanta da rana, ku bar shi, kada a tashe shi don aike ko gaisuwar baƙi. In kuwa rashin barcin ya kai wata uku, ko ya haɗu da baƙin ciki da ƙin abinci, to ku matsa masa ya je a duba shi.