Ramin Kimbali da Asalin Lu'ulu'u

Shekaru aru-aru masu neman lu'ulu'u bakin kogi suke tsugunawa. A Indiya, sannan a Birazil tun daga wajejen 1725, tsakuwa ake ɗiba a wanke a rairaye, har aka ɗauka kogi ne mahaifarsa. Afirka ta Kudu ce ta warware wannan zato. A 1871 aka afka wa wani ɗan tudu a inda garin Kimbali yake yau, nesa da ruwa, aka yi ta samun lu'ulu'u a cikin ƙasa rawaya mai laushi. Da haƙa ya yi zurfi aka tarar da dutse shuɗi mai tauri, sai wasu suka ce arziki ya ƙare, suka sayar da filayensu da araha. Wani mai suna Barney Barnato na cikin waɗanda suka saye, kuma shi ya ci riba, domin shuɗin dutsen nan shi ne uwar. Ƙasa rawayar ma dutsen ne dai, ruwa da iska suka ruɓar da samansa.

Ramin ya nuna cewa dutsen ya miƙe ne ƙasa kamar karas, wato tsohon maƙogwaron aman wuta ne, aka kuma raɗa wa dutsen suna kimbalait, daga sunan garin Kimbali. Can ƙasa da nisan kilomita 150 zuwa 200, inda zafi ya kai wajen digiri 1,000 ga matsi mai tsanani, sinadarin kabon yake curewa ya zama lu'ulu'u. Narkakken dutse ne ya kwaso shi ya yo sama, kogi kuwa ɗan dako ne kawai, abin da zaizaya ta ɓamɓaro yake ɗauka.

Wani zai ce ai kwal ne yake rikiɗa. Lissafin shekaru bai yarda ba: yawancin lu'ulu'u ya kai shekara biliyan 1 zuwa 3, tun babu itatuwan da suka zama kwal. Wani kuma zai tambaya, me ya hana shi komawa baƙin abin nan na cikin fensir da matsi ya ragu? Gudu ne ya cece shi, don cikin awoyi kimbalait yake ratso wannan nisa, ya huce kafin lu'ulu'un ya lalace. Har yau duk mai neman sabuwar mahaƙa, ko a Botswana ko a Rasha, irin wannan maƙogwaro yake farauta.