Daga Yaran Tsayar da Kwalabe Zuwa Yaran Kifar da Su

Wasan bolin, wato a jera kwalaben katako a nesa a gangaro ƙwallo don a kifar da su, ya daɗe a duniya, amma shigarsa hannun yaran makaranta a matsayin 'yan wasa ba ta daɗe ba. Wannan ne abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa, ni da na shafe rayuwar aikina ina koyar da motsa jiki a makarantar firamare.

A 1895 Flinders Petrie, Baturen Ingila mai tonon kayan tarihi, ya tarar da 'yan ƙwallayen dutse da wasu duwatsu masu siffar tulu a kabarin wani yaro a Naƙada ta ƙasar Misira, ya ɗauke su a matsayin kayan irin wannan wasa. Daga baya kuwa, a Turai, wasan ya zama na manya, na gidajen giya da caca, har hukuma ta sa masa ido. A 1541, zamanin Sarki Henry na Takwas, dokar Ingila ta hana leburori da barori da masu sana'ar hannu wasan gangara ƙwallo sai a lokacin Kirsimeti, saboda gudun kada ya ɗauke hankalin maza daga koyon harbin kibiya. Jamusawa suna yin nasu da kwalabe tara, baƙin Turai kuma suka ƙetara da shi Amurka, inda jihar Konetikat ta haramta gidajensa a 1841 don cacar da ta dabaibaye shi. Sai a 1895 aka kafa ƙungiyar American Bowling Congress a birnin New York, ta daidaita ƙa'idojin wasan kwalabe goma da ake bi har yau.

Duba ma'aunin kayan, za ka gane ba don yaro aka yi su ba. Tsayin kowace kwalba inci 15 ne, nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi, an sassaƙa ta da katako mai tauri. Ƙwallon kan kai kilo 7, tazarar da zai gangara kuwa ƙafa 60. Ɗan aji uku ko ɗaga shi da kyau ba zai iya ba.

Amma fa akwai yara a gidajen bolin, sai dai a can ƙarshen layi suke, inda ƙwallo ke dira. Aikinsu su ɗare kan dakali a bayan kwalaben, su ɗage ƙafafu idan ƙwallo ya taho, sannan su diro su kwashe waɗanda suka faɗi, su jera su, su mayar da ƙwallon ga mai shi. Kwalba mai kilo ɗaya da rabi idan ta yi tsalle ta sami ƙwauri ko yatsa, ba sai an faɗa maka sauran ba. Lewis Hine, malamin makarantar da ya koma ɗaukar hoto don tona asirin bautar da yara, ya ɗauki irin waɗannan yaran a wani gidan bolin na Brooklyn a 1910, da ƙarfe ɗaya na dare suna bakin aiki. Duk sa'ad da na ga hoton nan raina yakan ɓaci, domin sa'o'in ɗalibaina ne, kuma da safe ana sa ran su zauna a aji. Amurka ta yi dokar taƙaita aikin yara a 1938, amma abin da ya sallami masu jera kwalabe gaba ɗaya shi ne injin jera kwalabe da kamfanin AMF ya fara bazawa a 1952.

Makarantu kuwa ta wata ƙofa daban suka shigo. Sojojin Ingila sun ga 'yan kokawar Indiya suna juya kulake don ƙarfafa kafaɗa, suka kai al'adar gida a ƙarni na 19, ta bazu har aka yi gasarta a wasannin Olamfik na 1904. Ɗakunan motsa jiki na makarantu suka cika da waɗannan kulake masu siffar kwalba, malamai kuma suka lura cewa ana iya tsayar da su a ƙasa. Littafin wasannin yara da Jessie Bancroft, jami'ar motsa jiki a makarantun New York, ta fitar a 1909 yana ɗauke da wasanni da dama irin haka: a jera kulake, wani rukuni ya tsare, wani ya jefa ƙwallo.

Roba ce ta haɗa hanyoyin biyu. An gano robar polietilin a kamfanin ICI na Ingila a 1933, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta yi arha, masana'antu suka riƙa hura ta cikin mazubi kamar yadda ake yin jarka. Kwalbar da ta fito ba komai a cikinta, mara nauyi, ba ta fasa yatsa, ba ta ɓata daɓe, makaranta mai ƙaramin ƙarfi ma za ta iya sayen goma.

A makarantarmu ko sayen ba mu yi ba. Gorunan ruwa na roba muke tarawa, mu zuba yashi kamar tsayin yatsa uku a gindin kowace don kada iskar hunturu ta riga ƙwallo kifar da su. Ina jera su huɗu a baya, sai uku, sai biyu, sai ɗaya a gaba, in ja layi da toka. Akwai wata yarinya, Hadiza, da ba ta taɓa yarda ta shiga tsere ba saboda ƙafarta. Ranar farko ta tsuguna, ta rufe ido ɗaya, ta saki ƙwallon a hankali, ya bi ta gefen gorar gaba ya kwashe bakwai. 'Yan ajin suka ɗauki sowa, ita kuwa cewa ta yi, “Malam, a sake jerawa.” A wannan wasa mai gudu da mara gudu duk ɗaya suke, ga lissafi yana shiga ba tare da an ce lissafi ake yi ba, tun da sai yaro ya ƙirga nawa suka faɗi, nawa suka rage. Jerawar ma bi da bi ake yi: wanda ya jefa yanzu, shi zai tsayar wa na bayansa.

Don haka ina kira ga shugabannin makarantunmu da su daina barin darasin motsa jiki ya zama lokacin shara ko ɗebo ruwa da sunan babu kayan aiki. Gora goma, yashi da ƙwallo ɗaya sun isa aji guda ya yi wasa.