Bayanin asusun banki a matsayin shaidar zaman aure

Ma'auratan da ke neman bizar iyali zuwa ƙasashe irin su Birtaniya kan buƙaci shaidar cewa gida ɗaya suke zaune, baya ga takardar ɗaurin aure.

Ɗaya daga cikin shaidun ita ce takardar bayanin asusun banki, mai ɗauke da suna da adireshi da kwanan wata.

Ƙa'idar da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da ita a 2020 ta ce bayanin wata-wata kyauta ne, wanda aka nema na musamman kuwa ba zai wuce naira 20 kowane shafi ba. Nema ta imel ko manhajar banki ya fi araha.

Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa bankuna adana bayanai na aƙalla shekara 5, don haka jinkiri na da haɗari.

Masu asusun tsohon bankin Diamond za su nufi Access, wanda ya haɗe shi a 2019.

Sai dai magidancin da ke Tudun Wadar Zariya, amma ya buɗe asusu tun yana ɗalibi a Kongo, zai iya tarar da tsohon adireshinsa a takardar.