Farautar Murya a Duwatsun Adar

Mu mutanen Garhanga mun daɗe muna farautar murya. Ƙasarmu ta ƴan bida ce: da an ɗaure damman hatsi, samari sai su kama hanyar Abijan, Legas ko Libiya. Ina yaro, saƙon yayana a kaset yake zuwa, cikin aljihun matafiyi. Inna takan tara mu bayan lisha, a sa sabon batir, mu saurari gaisuwar da ta yi wata biyu a hanya. Baba kuwa siririyar waya yake ɗaura wa eriyar rediyonsa, ya sagala ta a reshen bagaruwa, don Sashen Hausa na BBC, da ke magana tun 1957, ya fito garau.

A 2001 kamfanin Celtel ya fara aikin salula a Nijar; ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Dogayen ƙarafan rezo a manyan garuruwa da bakin kwalta aka fara kafa su, mu kuwa muna cikin kwari. Gajeren zangon rediyo sama yake duka ya dawo ƙasa, shi ya sa Landan ke iso mu. Rezon salula miƙe yake tafiya, dutse na tare shi, kuma ko a fili, in nisa ya ninka, ƙarfinsa sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Dole muka koyi hawa. Kowane ƙauye ya san dutsensa, ya san icen da ake rataye waya har ta yi ƙara. Ranar da na fara kai Inna don ta yi magana da yayana, kan tudun da ta sha ɗibar duwatsu a zamanin aikin Furoje Keita, wanda aka soma a 1984, muka tsaya. Kara ɗaya ya fito a fuskar Nokia.

"Inna, kada ki motsa," na ce.

Ta riƙe wayar da hannu biyu. "Ɗan nan, kai ne? Ka ci abinci?"

Yau jikokinta saƙon murya suke aikawa ta WhatsApp, kaset ya dawo ke nan da sabuwar riga. Sai dai har yanzu, in saƙo ya ƙi tafiya, yaro ake bai wa waya a ce ya hau tudu. Inna ta tsufa, ba ta iya hawa. A gindin dutsen take zama tana jiran ya sauko mata da muryar ɗanta.